Shagon tura fim na Samaru, da fina-finan ƙasashen waje da nake so kowa ya nema

Masu tura fim a Zariya ba sa ƙirguwa, daga PZ zuwa Tudun Wada zuwa Kongo zuwa Sabon Gari duk inda ka ga ɗan shago da tarin caja a rataye da sifika tana ta ihu to akwai kwamfuta a ciki, kuma kusan duk kaya ɗaya suke da shi, Indiya-Hausa ne, harbe-harben Amurka ne, Chainis ne, sai kuma siris ɗin Turkiyya da yanzu ya cika gari. Amma akwai wani guda ɗaya a Samaru, cikin layukan nan na bayan kasuwa, wanda ya fita daban da saura, kuma a kansa nake son yin magana tare da fina-finan da na samo a hannunsa, don abin yana damuna yadda mutanenmu suke asarar kallon abubuwa masu kyau kawai saboda ba da Turanci ko Indiyanci aka yi su ba.

Shagon ba wani babba ba ne, benci ɗaya ne a waje, a ciki kuma tebur da kwamfuta da katakon caji mai ramuka, allon da ke ƙofa ma abin da aka rubuta kawai shi ne ana caji ana tura fim. Abin da ya bambanta wurin shi ne mai shagon kansa. Matashi ne mai natsuwa, kuma yana kallon abin da yake turawa, wannan shi ne sirrin. Yawancin masu wannan sana'ar in ka tambaye su labarin fim sai su ce maka "wallahi yana da zafi" shi kenan, ba su ma buɗe shi ba. Shi kuwa kafin ya karɓi memorinka sai ya tambaye ka, "Malam, kai kaɗai za ka kalla ko da iyali? Akwai yara a gidan?" In ka ce da yara akwai waɗanda zai ce a'a wannan bar shi, in kuma ka nace sai ya faɗa maka wajen minti nawa ne abin da bai dace ba yake don ka wuce wurin. A zamanin nan da ake cika wa yaro ɗan sakandare waya da duk abin da ya nuna da yatsa, wannan kaɗai ya isa in yaba masa.

Yana da wata folda da ya ware daban, a ciki ya jera ƙasashe, Iran, Larabawa, Koriya, Japan, Afirka. Ya ce min ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne suka fara tambayarsa irin waɗannan, tun yana nemo musu don kuɗi har shi ma ya kamu. Kuɗin turawar kuma daidai yake da na ko'ina, bai ƙara ko sisi a kan waɗannan ba, sai dai kamar kowa in man fetur ya tashi shi ma yana ɗan ƙarawa saboda janareta.

Wanda zan fara cewa a nema, kuma in mutum fim ɗaya kawai zai ɗauka daga rubutun nan to shi ya ɗauka, shi ne Children of Heaven, fim ɗin Iran na 1997, Majid Majidi ne ya ba da umarni, da Farisanci aka yi. Labarin takalmi ne fa kawai. Yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wajen mai gyara, a hanyar dawowa ya tsaya sayen dankali ya ajiye ledar a gefe, mai kwasar shara ya haɗa da ita ya tafi. Babansu talaka ne ana binsa kuɗin haya, mamarsu ba lafiya, sai yaran suka ga ba za su iya faɗa ba, suna zaune gaban iyayen suna aikin makaranta suna rubuta wa juna magana a littafi suna turawa, ita tana cewa to da me zan je makaranta gobe, shi yana roƙonta ta rufa masa asiri. Ƙarshe suka shirya ita ta sa kambas ɗinsa da safe, tana tashi ta sheƙo da gudu su haɗu a lungu ta cire ya sa ya ruga tasa makarantar ta rana. Wallahi duk wanda ya taso a cikin birni, Ƙofar Doka ko Babban Dodo ko Ƙwarbai, in ya ga lungunan nan da kwatar da ke bi ta tsakiya da yadda takalmin ya faɗa ciki ruwa ya ja shi yarinyar tana binsa tana kuka, zai ji a jikinsa ya san wurin.

Akwai wani ɗan wuri da ba ya fita min a rai. Uban yana zaune yana fasa sukari na masallaci, tuli guda a gabansa, Zahra ta kawo masa shayi sai ya ce ta ɗauko masa sukari na gida, ta ce ai ga sukari nan da yawa a gabanka, ya ce wannan na masallaci ne amana aka ba mu. Ba a tsaya an yi wa'azi ba, ba a sa kiɗan tausayi ba, aka wuce abinsu. Ranar da muka kalla a gida ƙaramar 'yata ce ta juyo ta ce "Abba, ko ɗaya ma ba zai ɗauka ba?" na ce ko ɗaya, ta yi shiru tana kallon mutumin. Yaran ba sa iya bin rubutun ƙasan fim da sauri, amma ban fassara musu ko rabi ba suka gane komai, da aka zo gasar tseren da Ali ya shiga don na uku ne ake ba wa takalmi, shi na ukun yake nema ba na ɗaya ba, tsaye suka miƙe suna ihu a falo. Ba zan faɗi yadda ta ƙare ba. Shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga jerin takarar Oska ta fim ɗin harshen waje, kuma tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi ne kacal, ba ya cin wuri a waya.

Daga nan mai shagon ya ce tunda na ji daɗin wannan in gwada na manya, ya ba ni A Separation na Asghar Farhadi, 2011. Wannan kam ba na yara ba ne, ba don akwai wani abin kunya a ciki ba, babu ko kaɗan, sai don nauyinsa. Mata da miji ne a gaban alƙali, Simin tana so su bar ƙasar saboda 'yarsu Termeh, Nader ya ce ba zai tafi ya bar mahaifinsa da ciwon mantuwa ya kama ba. Ta yi yaji ta koma gidansu, shi kuma ya ɗauko wata mata Razieh ta riƙa kula da tsohon, mace mai addini sosai, ga ciki, ga miji da bashi ya yi wa katutu kuma bai ma san tana wannan aikin ba. Rana ta farko tsohon ya ɓata jikinsa, sai ta ɗauki waya ta kira layin fatawa tana tambaya ko akwai zunubi in ta canza masa kaya tunda ba muharraminta ba ne. Ni a nan fim ɗin ya kama ni, don na san matan da za su yi daidai haka a unguwarmu, kuma fim ɗin bai yi mata dariya ba, ya nuna ta da mutuncinta.

Daga baya rikici ya ɓarke, Nader ya dawo ya tarar da mahaifinsa an ɗaure masa hannu a gado ya faɗo ƙasa, ya zarge ta da ɗaukar kuɗi, ya tura ta waje, cikin ya zube, aka tafi kotu ana maganar diyya. Abin da ya sa nake ganin girman fim ɗin nan shi ne babu bos a ciki, kowa yana da gaskiyarsa kuma kowa ya ɗan ɓoye wani abu, har yarinyar ma sai da aka jefa ta cikin halin ko ta faɗi gaskiya ko ta kare ubanta. Da muka gama ni da uwargida sai da muka kai dare muna musu, ita ta ce laifin Nader ne girman kai ya hana shi ba da haƙuri tun farko, ni na ce Simin ce ta fara kunna wutar, har yau ba mu daidaita ba. Kuma ku lura da wurin da aka kawo Alƙur'ani aka ce a rantse kafin a karɓi kuɗi, ku ga abin da tsoron rantsuwa yake yi wa mai imani ko da talauci ya shaƙe shi. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 2011, ya kuma ci Oska a 2012, karon farko da Iran ta samu. Masu rubuta mana labarin aure da saki a Kannywood ina roƙonsu su zauna su kalli wannan da biro a hannu, don su ga ana iya yin fim ɗin rabuwar aure ba tare da an mai da uwar miji mayya ko an je wurin boka ba.

A ɓangaren Larabawa guda biyu ne suka tsaya min. Na farko Wadjda, 2012, na Haifaa al-Mansour, fim na farko da aka ɗauka gaba ɗayansa a cikin Saudiyya, kuma mace ce ta yi, a lokacin ko gidan sinima babu a ƙasar sai 2018 aka sake buɗewa, wasu wuraren ma daga cikin mota take ba da umarni ta oba-oba saboda ba za ta tsaya cikin maza a titi ba. Yarinya ce 'yar shekara goma a Riyad ta ga koren keke a shago ta ƙwallafa rai, kuɗinsa riyal 800, ana ce mata mace ba ta hawa keke, sai ta shiga musabaƙar Alƙur'ani ta makarantarsu don kyautar ta isa ta saya. A gefe guda kuma mamarta tana cikin zullumi don dangin miji suna nema masa ta biyu tunda ba ta haifi namiji ba. Matan gidanmu sun fi ni jin wannan ɓangaren, ƙanwata cewa ta yi "Yaya, ai wannan labarin gidan kowa ne". Ga masu ɗan Larabcin islamiyya kuma akwai daɗi, za ka riƙa tsintar kalmomi kana ganewa duk da Larabcin gida suke yi ba na littafi ba, kuma karatun da yarinyar ta yi ranar musabaƙa yana ratsa jiki.

Na biyu Capernaum na Labanon, 2018, Nadine Labaki ce darakta. Shi wannan sai da mai shagon ya gargaɗe ni, ya ce "Malam akwai zagi a bakin yaron sosai, kuma kar ka kalla in ranka a ɓace yake." Gaskiyarsa ne. Zain yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ko takardar haihuwa ba shi da ita, ya kai iyayensa ƙara kotu saboda sun haife shi sun kasa kula da shi. An aurar da ƙanwarsa Sahar tana ƙarama, ya gudu daga gida, wata 'yar Habasha mai aikatau da ba ta da takardun zama ta ɗauke shi, rannan aka kama ta sai ya rage daga shi sai jaririnta, yana jan jaririn a cikin tukunya a kan ɗan katako mai taya yana yawo a titunan Beirut neman abin da za su ci. Yaron da ya fito a fim ɗin ɗan gudun hijira ne na gaske daga Siriya, ba ɗan wasa ba ne, shi ya sa idonsa ba irin na mai kwaikwayo ba ne. Tunda na kalli fim ɗin nan in na tsaya a Kwangila yaran nan masu roba suka zagaye mota ba na iya kau da kai kamar da, sai in riƙa tunanin wa ya haife su, ina ya kwana jiya, wa zai tambaye shi in bai dawo ba. Ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a shekarar.

Wanda ya fi kusa da mu a ƙasa kuma shi ne Timbuktu, 2014, na Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya. Labarin lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali ne a 2012, amma saboda rashin tsaro a garin Walata na Muritaniya aka ɗauke shi. Harsuna ne cakuɗe a ciki, Buzanci, Larabci, Faransanci, Bambara, har masu mamayar ma sai da tafinta suke magana da mutanen da suke mulka, wannan kaɗai ya nuna maka baƙi ne. Sun hana kiɗa, sun hana ƙwallo, sun ce mai sayar da kifi sai ta sa safar hannu, ta miƙa musu hannayen ta ce to ku yanke. Limamin garin, dattijo mai sanyin murya, shi ne ya tare su da suka shigo masallaci da takalmi da bindiga, yana ja musu aya da hadisi cikin natsuwa yana tambayarsu ina rahama ina afuwa, kuma wannan ne ya sa nake so mutanenmu su kalla, don fim ɗin ya raba tsakanin addini da masu fakewa da shi, bai haɗa su ya yi musu kuɗin goro ba kamar yadda finafinan Turawa suka saba.

Sai wurin ƙwallon nan da duk wanda ya kalla yake magana a kai, samari a fili sun kasu gida biyu suna gudu suna ba da fasin suna cin gola suna murna, alhali babu ƙwallo a filin, an hana, da masu sintiri suka zo a babur sai suka koma kamar motsa jiki suke yi. A gefe kuma ga Kidane, makiyayi da matarsa da 'yarsa a cikin tanti a bayan gari, saniyarsa da ya fi so ta shiga komar wani masunci, masuncin ya kashe ta, daga nan abin da ya biyo baya ya biyo baya. Mu da muke jin labarin rikicin makiyaya da manoma kullum, da abin da ke faruwa a hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa, ba ma buƙatar a yi mana bayanin yadda ƙaramin abu ke zama jini. Ya lashe kyaututtukan César guda 7, wato manyan kyaututtukan fim na Faransa, ya kuma shiga takarar Oska.

A nan ne ma zan faɗi inda shagon ya gaza, foldar Afirka ɗin tasa ba ta da kauri. Na daɗe ina tambayarsa Sarraounia na Med Hondo, 1986, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899 lokacin da suke tafe suna ƙona garuruwa. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1987. Tarihin ƙasar Hausa ne fa wannan, amma wanda ya samo min hoton duk ya dushe kuma rubutun ƙasan da Faransanci ne, ya ce yana kan nema. Abin takaici ne a ce fim ɗin Koriya ya fi sauƙin samu a Zariya a kan wanda aka yi a kan maƙwabtanmu, duk da na san wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai.

Indiya kuwa ba sai na koya wa Bahaushe ba, iyayenmu tun Mother India na 1957 da Sholay na 1975 suke kallo ba tare da fassara ba kuma suna ba ka labarin tiryan-tiryan. Abin da kawai zan ce shi ne Taare Zameen Par na Aamir Khan, 2007, a neme shi da muryoyinsa na asali. Ba na raina Indiya-Hausa, sun sa tsofaffi da yara suna gane fim kuma a fim ɗin faɗa suna ƙara masa armashi, amma wannan labarin yaro ne Ishaan da haruffa ke rikice masa in ya zo karatu, malamai suna ce masa daƙiƙi, uba yana ce masa malalaci, aka tura shi makarantar kwana ya daina magana gaba ɗaya, sai wani malamin zane ya gano matsalar a ƙwaƙwalwa take ba taurin kai ba ne. Irin wannan shirun yaron da rawar muryarsa su ne fim ɗin, in aka ɗora wata murya a kai ana barkwanci an kashe shi. Duk malamin firamare da duk uban da ya taɓa ɗaga bulala a kan yaron da ya kasa haɗa baƙi ya kamata ya gani, akwai irin yaran nan a kowane aji a garin nan kuma dukansu ake yi.

Akwai kuma abin da ban zata zan samu ba, Ar-Risala na Moustapha Akkad, 1976, amma na Larabcin. Yawancinmu na Turancin muka sani wanda Anthony Quinn ya fito a Sayyidina Hamza, alhali tare aka ɗauki guda biyu a wuri ɗaya, Maroko da Libiya, 'yan wasa daban daban, a na Larabcin Abdullah Gaith ɗan Masar ne Hamza, Muna Wassef 'yar Siriya ce Hindu. Ba a nuna Annabi (SAW) ba ko muryarsa a duka biyun. Ni dai na Larabcin ya fi shiga raina nesa ba kusa ba, musamman gaban Najjashi lokacin da Ja'afar yake karanto Suratu Maryam, jin ayar a harshenta cikin zancen da shi ma Larabci ne wani abu ne daban. Mai shagon ya ce da azumi ya fi tura shi.

Koriya zan taɓa kaɗan. Parasite na Bong Joon-ho, 2019, shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci Oska ta gwarzon fim gaba ɗaya a 2020. Talakawa ne 'yan gida ɗaya da ke zaune a ɗakin da rabinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, suka yi dabara ɗaya bayan ɗaya suka shige aiki gidan wani attajiri. Wurin da ruwan sama ya cinye unguwarsu cikin dare suka kwana a filin wasa na cikin gini, gari ya waye matar attajirin tana waya tana cewa ruwan jiya ya wanke gari iska ta yi daɗi, direban yana jinta, wannan wurin ya isa. Amma akwai wuri guda da bai dace da yara ba ko kaɗan kuma ƙarshensa akwai jini, kallon babba ne shi kaɗai. Masu son Ertugrul kuma yana da shi duka sizin biyar ɗin daga 2014 zuwa 2019, sai dai wannan ko'ina ma akwai, ba sai an je Samaru ba.

Yanzu sauran matsalolin wurin, don kar wani ya je ya ce ban faɗa ba. Babbar ita ce kusan duk rubutun ƙasan da Turanci ne, ƙalilan da Larabci, babu Hausa ko ɗaya. Mahaifiyata ta zauna kallon na takalmin nan da mu ta ji daɗinsa don hoton yana bayanin kansa, amma irin A Separation da magana ce ke tafiyar da shi sai mutum ya zauna kusa da ita yana tsayarwa yana fassarawa, kuma hakan yana kashe zaƙin. Ina ma a ce cikin ɗaliban Hausa da na harsuna da ke Samaru da Kongo a samu masu zama su rubuta fassarar Hausa ta ƙasan irin waɗannan, a bar muryoyin yadda suke, na tabbata da an samu masu kallo fiye da yadda ake zato.

Sannan wani lokacin rubutun yana riga magana ko ya makara, in ka koma yana gyarawa ba ya karɓar ƙarin kuɗi, amma ka riga ka kashe kuɗin keke Napep. Shawarata kar ka bar shagon sai ka buɗe fim ɗin a wayarka ka ja shi tsakiya ka ga rubutun yana fitowa daidai. Ka sa manhajar kallo ta VLC ko MX Player a wayar tun daga gida, don abin kallon da ke zuwa da wasu wayoyin ba ya ɗaukar rubutun, kuma in ka ga ɗan ƙaramin fayil a gefen fim ɗin mai suna iri ɗaya da shi kar ka goge wai shara ne, shi ne fassarar, dole su zauna a folda ɗaya da suna ɗaya. In a talabijin za ka kalla ka ce ya sa maka a filashi kuma ya zaɓi mai kwaliti, na waya in aka haska shi a babban allo dishi-dishi yake yi.

Wurin zama ma matsala ne, daga bayan la'asar zuwa isha'i ɗalibai sun cika bencin da ƙofar, ga ƙarar janareta in an ɗauke wuta, mace in ta zo sai dai ta tsaya daga nesa ta aika yaro, na faɗa masa ya kamata ya sa ko kujera biyu ne a gefe saboda su, ya ce in sha Allahu. Kuma in ka tarar ba ya nan sai yaron shagon, to ka haƙura ka dawo, yaron yana da ladabi amma bai san foldar nan ba, duk abin da ka tambaya zai ce akwai sabon Indiya mai zafi.

Abu na ƙarshe, fim ɗin Hausa ni ba na turawa a wurinsa ko a wani wuri, waɗannan 'yan uwanmu ne da suka zuba kuɗinsu kuma yawanci suna sakawa a YouTube inda kallonka yake zama musu kuɗi, gara in sa data in kalla a can. Su ma na wajen wanda yake da hali ya fara dubawa a Netflix ko YouTube, in akwai shi ta halastacciyar hanya ya fi. Wanda kuma zai je shagon ya je da hantsi, wajen goma zuwa sha biyu, lokacin ba kowa kuma mai shagon yana da sararin zama ya yi maka bayani, ya tafi da memori ko filashi da ba komai a ciki mai ɗaukar kamar giga takwas, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci.